Cindo Mai Fara Sha

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya kuma sanar da mutum inda zai haƙa. Ni ne Cindo ɗan Barmo, jikan mahaƙa rijiya, mutumin ƙasar Zarmalu da ke bayan Tekun Toka, inda ayari ba ya zuwa sai in ya ɓata hanya. Na taka ƙasashe, na ci abincin sarakuna, na ci na karnuka. Na ga birnin da aka gina a bayan kunkuru ɗaya, na ga kasuwar da ake sayar da inuwa a tulu. Duk waɗannan in aka tambaye ni nakan ba da labarinsu har da ƙarin gishiri. Amma ku kun tambayi abin da ba a cika tambayata ba, wato me ya sa in aka miƙo mini ruwa nakan riƙe moɗa ina kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. To ku gyara zama. Wannan labarin ba na sa masa gishiri, don ba daɗinsa nake ji ba.

Ƙasar Zarmalu ba ta da kogi, ba ta da tafki. Fako ce fara fat, gishiri shimfiɗe har iyakar ganin ido, in ka taka yana ƙara kamar fasasshen kasko. Rijiyoyi ne suka riƙe mu, masu zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gama gaisawa da maƙwabcinka kafin ka ji faɗuwarta. In iska ta bi ta bakinsu sai su yi kuka, kowace da muryarta, kuma da muryar ake sa wa gari suna. Akwai Mai-Gurnani, akwai Mai-Shewa, namu kuwa 'Yar Sarewa.

A gabashin bakin kowace rijiya akwai ɗan dutse kamar ƙwaryar shan fura, muna ce masa dutsen sallama. Duk wanda ya ja guga, kafin ya kai bakinsa sai ya zuba wa dutsen nan ɗan ruwa, shi ya sa samansa kullum kore ne shar da gansakuka. Dokar kakanninmu ita ce, in rijiya ta lalace, ko mushe ya faɗa ciki, ko an sa mata dafi, dole a kife dutsen, busasshen gefensa ya koma sama, don kada a ce mun kashe mai ƙishirwa ba mu yi masa gargaɗi ba. Amma kuma an hana gaya wa baƙo ma'anar dutsen. Da yaro ya fara famfarar haƙori ake rantsar da shi a kan haka. Kun ga irin wayon mutanena, sun yi gargaɗi, sun kuma tabbatar wanda ake yi wa ba zai ji ba.

Mahaifina Barmo shi ne Sarkin Rijiyar garinmu. Mahaifiyata ban san ta ba, Kaka Yalwa ce ta rene ni, ita ce kuma ta sa mini Cindo saboda ƙaramin yatsa na shida da aka haife ni da shi a hannun dama. Haƙorana na gaba ba su daɗe da dawowa ba yaƙi ya same mu.

Jan Kunne ake kiransu, saboda suna rina kunnuwansu da jan garura. Ba dawaki suke hawa ba, jiminu ne waɗanda suka fi raƙumi tsawo, masu tsallake katanga kamar suna tsallake tabarma. Sun shigo mana da hantsi, Baba yana wani gari wajen yasar rijiya. Kaka ba ta tsaya ɗaukar komai ba. Ta finciko ni, ta cusa ni a babban guga, ta zura ni cikin 'Yar Sarewa har na kai ɗan lokon da mahaƙa ke bari a jikin rijiya don hutawa.

Ta leƙo ta ce, "Shige ciki, mijina. Kar ka fito sai ka ji rijiya na kuka ita kaɗai."

Na shige. Daga nan na ji komai, ban ga komai ba, sai ɗan da'irar sama da ta yi baƙi da hayaƙi. Na ji muryoyin da na sani suna kiran sunayen da na sani, har suka daina. Da shiru ya yi yawa, sai iska ta bi ta bakin rijiyar ta yi busarta kamar ba abin da ya faru. Na hau ta matakan jikin rijiyar na fito. Kaka na kwance a bakin rijiyar, hannunta bai saki igiyar ba.

Na so in binne ta, amma ƙasar Zarmalu sai da diga, ni kuwa ko ɗaga digar ban iya ba. Na jawo zana na rufa mata. Sai hancina ya jiyo tuwon da ta ɗora da safe, yana nan a tukunya bai ƙone ba. Na zauna kusa da ita na cinye shi tas, har na kankare ƙanzo. Na juya mata baya ina ci, don kunya ta hana ni kallon zanar.

Na cika gora na shiga fako, ina neman hanyar Dutsen Uwa, tsaunin da ke ƙarshen ƙasarmu. Can ne maɓuyar mutanenmu in masifa ta zo, don akwai idon ruwa a cikinsa. Ba ni kaɗai ke gudu ba, amma ni kaɗai ne ba ni da kowa. Wata mata da na raɓa inuwarta ta kore ni da muciya don na kalli bakin ɗanta yana tauna. Wani dattijo mai farin gemu ya ce in ba shi gorata ya riƙe mini, ya shanye, ya tafi da takalmana. Ban zage shi ba, don an koya mini ba a zagin manya.

Ƙishirwa ta kai ni Garin Kawalwalniya, wanda ba ya bayyana sai ga wanda ya kusa mutuwa. Na ga katanga, na ga itatuwa, na ga mata suna jan ruwa suna dariya. A cikinsu har da Kaka Yalwa, da zanenta na saƙi, tana miƙo mini moɗa tana cewa, "Zo ka sha, mijina." Na tafi da gudu. Na kai hannu ke nan sai idona ya sauka gabashin rijiyar, na ga babu dutse, ko kifaffe babu. Kaka kuwa ba ta taɓa ba ni ruwa ba ta zuba wa dutse ba. Na ja da baya na rufe ido. Da na buɗe, sai ga ni a bakin wani rami mai tafasa da ruwan kanwa, ƙasusuwan matafiya zube a gefensa.

Daga nan na yi ta rarrafe har na faɗa wani kwari, na tarar da ƙwai ɗaya kamar tulu a cikin yashi. Na fasa shi da dutse na kafa kai ina sha. Ban gama ba aka ɗaga ni sama ta ƙafa ɗaya. Ashe bayan sansanin Jan Kunne na shigo, ƙwan kuwa na jiminar shugabansu ne.

Sunansa Kartau. Na zaci zan ga ƙato mai tsawa, sai na ga siririn mutum mai sanyin murya, wanda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba har ƙarshe. Ya dube ni ƙwai na ɗiga daga haɓata, ya ce, "Wannan ba ya tsoron haɗiyar abin da bai sani ba. A kai shi igiya."

Igiya kuwa ita ce inda ake ɗaure 'yan ɗanɗano. Mutanenmu sun fara zuba dafin tunya a rijiyoyi suna gudu, don ƙishirwa ta mayar da rundunar baya. Jimina ba ta amfanin gwaji, don ƙarfe ma haɗiyewa take. Akuya kuwa abinci ce. Amma yara ana tsintarsu a kowane kango. In aka iso rijiya, sai a kwance yaro ɗaya a ba shi ya sha, Kartau ya kafa mashinsa a ƙasa, a jira inuwar mashin ta gusa da taƙi guda. In yaron na tsaye, runduna ta sha. In ya faɗi, a nemi wata rijiyar da wani yaron.

Wadda ke gabana a igiyar wata yarinya ce 'yar masunta daga bakin teku, sunanta Kyauta. Ba ta taɓa ganin rijiya ba kafin yaƙin. Ta ga hannuna ta ƙirga yatsun sau biyu, ta yi dariya, ta gutsura mini rabin ƙanzonta. Tun da na bar gida ita ce ta fara ba ni abu ban roƙa ba.

Muka iso Mai-Gurnani, garin ba kowa. Rijiyoyinsa uku, na duba gabashin kowace, duk an kife dutsen. Aka kwance Kyauta aka cika mata moɗa. Rantsuwar da na yi tana kunnena, kuma ban karya ta ba, don ban ambaci dutse ba. Amma bakina ya riga ni.

Na ce, "Kyauta, kar ki sha."

Kartau ya tako a hankali ya tsuguna gabana. Ya ce, "Me ka gani, ɗan shida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba. Wari nake ji. Mu 'ya'yan mahaƙa hancinmu na jin dafi."

Ya sa aka kawo akuyar da za a yanka masa aka ɗura mata ruwan. Kafin inuwar mashi ta gusa ta fara shure-shure. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi. Ranar rundunar ta lallaɓa da abin da ya rage a salkuna. Washegari da za a tashi, ya ce tunda an sami yaro mai hanci, sauran ba su da amfani sai shan ruwa a banza. Aka yanke igiyar aka bar su zaune a tsakiyar fako. Ni aka ɗora ni a bayan jimina. Kyauta ba ta yi kuka ba, ta bi ni da ido kawai, ni kuwa na sunkuyar da kai har muka ɓace.

Daga ranar na zama ɗan gata. Aka ba ni riga, aka ba ni takalma, nama sai na ture, man shanu sai na ce ya isa. Suka rina mini kunnuwa da jan garura suna tafi. Ina tafe cikin ƙasar da yara ke cin fatar takalmi, ni kumatuna suna cika. Ban taɓa jin kunyar wani abu kamar yadda na ji kunyar kumatun nan ba.

Na sa rai gari na gaba ma duk za a kife duwatsun, ƙishirwa ta gama da mu baki ɗaya, in huta. Amma da muka isa, a cikin rijiyoyi huɗu ɗaya dutsenta na zaune daidai, kore shar. Na yi ta maza na ce wa Kartau duk warin dafi suke.

Ya ce, "Ayya. To tunda mutuwa za mu yi, kai za ka fara. Zaɓi wadda kake so ta kashe ka."

Na tsaya tsakanin rijiyoyin nan huɗu, duk runduna na kallona. Na so ƙafata ta kai ni ga mai dafi, wallahi na so. Sai ta kai ni ga mai kyau. Na sha, inuwa ta gusa, ina tsaye. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kartau bai yi dariya ba. Ya kama hannuna na dama ya ɗora a kan dutsen bakin rijiya, ya cire ɗan yatsan na shida da wuƙarsa, ya ce, "Wannan dama ƙari ne. Ƙarya ta gaba daga na gaske za mu fara."

Haka muka yi ta tafiya. Duk garin da muka isa, sai in tarar an kife duwatsu an bar ɗaya. Na riƙa zagin mutanena a zuci, ina cewa wane irin sakaci ne wannan, a yi aiki a bar shi rabi. Abu ɗaya ya riƙa ɗaure mini kai. Garin ba kowa, rana kamar wuta, amma dutsen rijiya mai kyau kullum a jiƙe nake samunsa, kamar yanzu aka zuba masa ruwa aka tafi.

Da ruwan da nake nuna musu suka cim ma masu gudun da ba su yi nisa ba. Da shi suka ci Mai-Shewa, inda samari suka tsaya tare hanya don mata su samu su wuce, ba wanda ya tsira a cikinsu. Ina kan jimina aka wuce da wani tsoho a ɗaure, abokin aikin Baba. Ya ɗaga kai ya ga kunnuwana, ya ga kumatuna. Bai zage ni ba. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuskarsa, kamar shi ne aka kama yana abin kunya.

Na sha tunanin in zaɓi mai dafi in sha da gangan. Amma ni kaɗai zan faɗi kafin inuwa ta gusa, su koma rijiya ta gaba. Da wannan nake lallashin kaina, ko da yake na san rabinsa hankali ne, rabinsa tsoro. Sai a hankali na lura Kartau ya fara sakaci. Da farko taƙi guda ake jira, ya koma rabin taƙi, har ya kai wani lokacin mashin ma ba ya kafawa. Sun saba, in na sha na goge baki, sai su rufa wa rijiya.

Saura zango ɗaya a kai Dutsen Uwa, inda duk mata da yaran ƙasarmu suka taru. Tsakaninmu da shi rijiya ɗaya ce tak, Mai-Ajiyar-Zuciya. Na san ko na ce mai dafi ce ba zai hana komai ba, don abin da ke salkuna zai kai su har gindin tsaunin. Sai na ƙudurta in na tarar an kife dutsenta, zan sha su biyo ni. Na tuna yadda Kaka ke yi wa akuyar da ta ci tunya, ta daka gawayi ta kwaɓa da man shanu ta ɗura mata. Wata ta tashi, wata ba ta tashi ba. Da safe na kwashi gawayi a murhu na tauna har haƙorana suka yi tsami, na roƙi man shanu na bi da shi. Mai dafa abinci ya ce kwaɗayina zai kashe ni wata rana.

Muka iso da rana tsaka, kowa leɓensa ya tsage. Na sauka na nufi rijiyar, tana ta sauke numfashinta mai kama da na mai baƙin ciki. Na duba gabas. An kife dutsen. A gefensa kuma an jera 'yan tsakuwa shida, biyar manya, ɗaya ƙarama a ƙarshe.

Mutum ɗaya ne a duniya yake jera mini tsakuwa haka in ina wasa a bakin aikinsa. Nan take na gane wanda ke zuba wa duwatsu ruwa. Baba na raye. Baba ne ke tafe gabanmu da dafi, shi ne ke barin rijiya ɗaya a kowane gari, ba don sakaci ba, sai don ya san wanda ke fara sha. Yau kuwa rijiya ɗaya ce, ba yadda zai yi, shi ya sa ya bar mini alama sau biyu, yana roƙona kada in sha. Na ɗaga kai na dubi duwatsun da ke kewaye da wurin. Ban ga kowa ba, amma na san ana ganina.

Kartau ya ce, "Hancinka ya ce me, ɗan shida?"

Na take tsakuwoyin da ƙafa na ce, "Lafiya lau ce, ranka ya daɗe."

Aka ja guga aka cika mini moɗa. Na kafa kai na shanye. Na goge baki na ce ta fi na baya sanyi. Mayaƙa suka rufa wa rijiyar suna ture juna, masu sha a guga, masu sha a tafin hannu. Cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki. Na ɗauko waƙar da Kaka ke yi in tana niƙa, ina rerawa ina kaɗa ƙafa don kada a ga rawar da gwiwata ke yi. Kartau kaɗai bai sha ba. Yana riƙe da moɗarsa yana kallona.

Ya ce, "Gumi kake yi."

Na ce, "Rana ce, ranka ya daɗe. In ba za ka sha ba, ba ni in ƙara."

Na karɓi moɗar daga hannunsa na kurɓi rabi na mayar masa. Ya ɗan tsaya, sannan ya shanye sauran.

Ba a jima ba na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi, wuri ya rikice, jiminu suka tsinke suna tattake masu su. Kartau ya dafe ciki ya dube ni, ya gane. Ya zaro wuƙar nan da na sani. Ni kuwa dama a bakin rijiya nake, na kama igiya na sulale ciki har na sami lokon hutawa, na shige kamar yadda Kaka ta koya mini. Can na yi ta amai baƙi ƙirin, ina jin ihun mutanenmu suna gangarowa daga duwatsu. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba, sai dai na ji an rungume ni ana hawa da ni, ina jin warin laka da gumi, warin da na sani tun ina goye.

Na farfaɗo a Dutsen Uwa, Kyauta na yi mini fifita. Ita ta ba ni sauran labarin. Baba da mutanensa ne suka tsince ta da sauran yaran a fako. Da ta ce wani yaro mai yatsu shida ne ya hana ta sha, sai Baba ya zauna a ƙasa. Daga ranar, a kowane gari yakan ce wa abokan aikinsa su yi gaba, shi zai gama da rijiyar ƙarshe. Ba wanda ya zarge shi, sun ɗauka dafin ne ke yin rauni.

Da na iya zama aka yi taro. Aka yi mini kirari, aka yi wa Baba. Wata mata daga Mai-Shewa, Inna Tabawa, wadda 'ya'yanta uku na cikin samarin da suka tare hanya, ta zo da ruwan ɗumi ta wanke mini jan kunnen da hannunta. Ta ajiye mana akushin tuwo ta ce, "Uba ya zuba, ɗa ya shayar. Allah ya yi wa gidanku albarka, kun rama mini."

Muka zauna gaban akushin nan ni da Baba, ba wanda ya iya kai hannu. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Can ya kamo hannuna na dama ya shafa tabon.

Ya ce, "Ka ga dutsen?"

Na ce, "Na gani, Baba."

"Da tsakuwoyin?"

"Na gani."

Ya ce, "Ina kallonka ka sha. Har sau biyu. Kai da ba ka fi guga tsawo ba, ka iya abin da na kasa."

Na ce, "Baba, ni ma sai da na kasa sau da yawa."

Ya miƙe ya ɗauki akushin, ya ratsa taron har gaban Inna Tabawa, ya durƙusa ya ajiye mata. A gaban dattawa da kowa ya faɗi abin da ya yi, rijiya bayan rijiya, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce ruwan da ya kai Jan Kunne Mai-Shewa shi ya bar musu. Masu kiɗa suka ajiye ganga. Na so ƙasa ta tsage in shige, ba don abin da ya yi ba, sai don ni ne dalilin, ga ni kuma zaune da raina.

Inna Tabawa ta dube shi. Ta ce, "Barmo, da nawa ne a igiyar nan, da abin da ka yi zan yi." Ta ɗauki akushinta ta rufe. "Amma kada in ƙara ganin fuskarka."

Dattawa suka yanke cewa hannunsa ba zai sake taɓa igiyar wata rijiya a Zarmalu ba. Ni ba su kore ni ba, har roƙona suka yi in zauna. Amma ba zan iya zama inda rabin gari ke sa mini albarka, rabi na kau da kai in na wuce ba. Na yi wa Kyauta sallama na bi bayansa.

Muka yi ta tafiya har farin gishiri ya ƙare, ƙasa ta koma ja. A nan muka sami rijiyar farko ta baƙuwar ƙasa. Ba ta kuka, ba ta da dutse a gabas ko a yamma. Baba ya ja guga ya cika moɗa ya miƙo mini. Na karɓa na riƙe, idona na neman abin da babu. Na kasa kai shi baki.

Ya ce, "Kawo, ɗana. Ni zan fara."

Ya kurɓa, ya kafa sandarsa a ƙasa, muka zauna muna kallon inuwarta har ta gusa. Sannan ya miƙo mini na sha.

Haka ya yi mini a kowace rijiya, a kowace ƙasa, har na yi gemu shi ya yi furfura. Mutane suna yi mana dariya, wai ga ƙato ana ɗanɗana masa ruwa kamar jariri, bai taɓa kula su ba. A birnin bayan kunkuru na binne shi, wannan karon na iya ɗaga diga.

To kun ji. In kuka ga na riƙe moɗa ina kallon ƙasa, ba raina ruwanku na yi ba, ba kuma dutse nake nema ba, na daɗe da daina nemansa. Jira nake a ce mini kawo. Nan maganata ta tsaya, Allah ya raba 'ya'yanku da ganin abin da na gani.